Torneremo da Mim Ɗaya

Shekarar da na bi maigidana Kuala Lumpur, yana karatun digiri na uku a Bukit Jalil, mun kama ɗaki da falo a wani dogon bene a Sri Petaling. Kafin aure ni malamar firamare ce a Kano, 'yan aji biyu nake koya wa karatun Hausa, kunnena ya saba da hayaniya. A can kuwa da zarar ya fita da safe, ba ni da abokin magana sai ya dawo. In yi shara, in ɗora girki, in tsaya a taga ina kallon ruwan saman da ba ya fashin la'asar.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu tsofaffi ce, mata da miji. Matar 'yar ƙabilar Malay ce, gajeriya mai yawan fara'a. Makcik nake ce mata, yadda ake kiran duk macen da ta kai sa'ar gwaggonka a can. Mijin Bature ne ɗan Italiya. Aikin injiniya ya kawo shi tun yana saurayi, ya musulunta, ya aure ta, ya yi zamansa. Shi kuma Pakcik nake ce masa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Makcik ce ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, da kwanon ayaba soyayya a hannunta. Ita ce kuma ta fara kai ni kasuwar Chow Kit, muka hau ƙaramin jirgin nan da ke bi ta saman titi, ta nuna mini inda ake samun kuɓewa da busasshen kifi da attaruhu mai zafin gaske. Da Turanci muke hira, tana cusa mini Malay kaɗan-kaɗan. Pakcik kuwa mutum ne mai surutu. In ya tare maigidana a lif da zancen ƙwallo, sai lif ɗin ya wuce hawanmu ba su sani ba. Hannayensa ma magana suke yi.

Wata safiya na ji ana buga mana ƙofa da ƙarfi. Makcik ce, ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Pakcik ya faɗi a banɗaki, bakinsa ya karkace. Allah ya sa maigidana bai fita ba, shi ya kira motar asibiti ya bi su. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama ɓangaren dama.

Da aka sallamo shi a keken marasa lafiya, na shiga gaishe shi da kunun gyaɗa. Ya gane ni sarai, idonsa ya nuna. Ya buɗe baki zai amsa gaisuwar, sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Ya sake gwadawa, sannan ya kau da kai wajen taga. Na ajiye kunun na fito, ina shiga ɗakinmu na fashe da kuka.

A hankali ƙafar ta fara ɗaukarsa da sanda, magana kuma ta fara dawowa, sai dai ta hanyar da ba wanda ya zata. Duk abin da aka faɗa masa da Turanci ko Malay yana ganewa, amma in zai mayar, Italiyanci ne kawai ke fitowa, shi ma gutsure-gutsure. Makcik ta san Italiyancin gida, irin na "zo ka ci abinci" da "ina makulli," wanda ta tsinta a zaman aure da ziyarar dangin miji. Da shi suke lallaɓawa.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti mai koya wa irinsu magana. Ta ba su shawara ya riƙa faɗar kalma gaɓa-gaɓa, yana buga tebur da hannun hagu a kan kowace gaɓa. Da Makcik ta ba ni labari sai na yi dariya, na ce ai wannan aikina ne a gida, haka nake yi wa yara, sai dai mu tafi muke yi.

Ta kama hannuna ta ce, "To ki riƙa shigowa, 'yata. Ni in na sa shi sai ya yi fushi. Ke yana jin nauyinki."

Na faɗa wa maigidana da ya dawo. Ya ce, "Maƙwabta ne, kuma iyaye ne. Ki je mana."

Haka na fara shiga bayan azahar. Mu zauna mu uku a teburin cin abincinsu, Makcik ta kawo shayi. Sai Pakcik ya nuna wani abu, ya faɗi sunansa yana buga tebur, ni in maimaita ina tafi. In na yi daidai ya ɗaga babban yatsa. In na kuskure ya girgiza kai ya sake faɗa, sake faɗar nan kuwa ita ce maganin, ko da yake shi a ganinsa ɗaliba ya samu. Ya ji daɗin yadda nake kaɗa harshe a harafin r, irin na "tara" da muke ƙirgawa. Ya nuna ni ya kalli matarsa, wai ta gani, ita shekara da shekaru ta kasa.

Pakcik yana da yaya mace a ƙauyensu a Italiya, ita kaɗai ta rage masa a 'yan ɗakinsu, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta saƙo. An gaya mata ba shi da lafiya, ta ce ba za ta yarda yana raye ba sai ta ji muryarsa. Shi kuma ya ƙi a kira ta. In Makcik ta ɗauko waya sai ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ba ya so ta ji shi yana kokawa da harshe.

Daga baya suka daidaita a kan saƙon murya, gajere, wanda zai koya har ya zauna masa sannan a ɗauka. Magana biyu ce kawai. Ta farko sto meglio, wato na ji sauƙi. Ta biyu torneremo, wato za mu dawo. Dama tun kafin ciwon sun yi niyyar zuwa ganinta.

Ta farkon ba ta ba shi wahala sosai ba. Ta biyun ce ta tsaya. Zai fara, ya buga tebur, ya kai ƙarshe, sai ya ɓata rai ya ce, "No!" Ya sake, ya sake cewa no. Makcik ta ce, da ɗan "lah" ɗin nan da 'yan Malay ke liƙa wa ƙarshen magana, "Ai ka faɗa daidai lah! Boleh, ya yi. Bari in ɗauka." Ya fizge wayar ya kife ta a tebur.

Kwanaki aka yi a haka. Wata rana ana tsakiyar ruwa da tsawa ya gwada har ya gaji, ya ture kofin shayi ya zube, ya ja sandarsa ya shige ɗaki. Na bi Makcik kicin, na same ta ta dafa bakin wurin wanke-wanke tana hawaye.

Ta ce, "Ni ban san me yake so ba. Kalmar tana fita. Ina ji da kunnena tana fita. Ko dai kan ne ya taɓu ba a gaya mini ba?"

Na ce, "Makcik, kansa lafiya lau. Akwai abin da yake ji wanda ba ya so."

Na faɗi haka ne don in kwantar mata da hankali, amma da na koma ɗaki na zauna sai maganar ta tsaya mini. Na yi ta maimaita yadda yake faɗar kalmar. Ai kuwa akwai abin da nake ji ni ma, ban dai ɗauke shi a bakin komai ba. In ya zo ƙarshe, leɓensa na rufewa da wuri, su manne, sai m ɗin ta yi tsawo kafin su buɗe. Ba remo yake cewa ba, remmo yake cewa. Kunnen Bahaushe ba ya wuce irin wannan. Wanda ya ce "ba mana" da wanda ya ce "manna takarda" ba abu ɗaya suka faɗa ba, kuma yaran ajina ma sun san kala daban, kalla daban.

Na ɗauki waya na rubuta kalmar da m biyu, don in ga ko akwai ta. Sai ga ta a wani shafin ƙamus, an yanka ta da ɗigo-ɗigo: tor-ne-rem-mo. Na nemo ɗayar: tor-ne-re-mo. Duka gaɓa huɗu ne, duka a gaɓa ta uku ake danna murya, duka daga aikatau ɗaya suka fito. Amma a wadda Pakcik ke son faɗa gaɓa ta uku buɗaɗɗiya ce, re, a ɗan ja wasalin sannan a sauka a kan mo. A ɗayar kuwa m ta rufe gaɓar, wata m ɗin ta buɗe ta gaba. Da na karanta ma'anar sai na ajiye wayar. Mai m ɗaya tana nufin za mu dawo. Mai m biyu tana nufin da mun dawo, irin maganar wanda ke son zuwa amma wani abu ya tare shi. Tsohon nan ba rigima yake yi ba. Ba ya so ya aika wa yayarsa cewa da ya zo.

Da maigidana ya dawo na tare shi tun a bakin ƙofa da bayani, ko jakarsa bai ajiye ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ikon Allah. Kin zo Malesiya kina koya wa Bature yarensa."

Na ce, "Ba koya masa nake ba, ya fi ni sani. Ji kawai nake taya shi."

Washegari na shiga da wuri. Pakcik na zaune a falo, fuskar nan a ɗaure, da alama kunyar abin jiya yake ji. Na gaishe shi, na zauna, na ce da Turanci, "Pakcik, saurara." Na tafa sau huɗu na ce tor-ne-re-mo. Na sake tafawa na ce tor-ne-rem-mo, na riƙe m ɗin da gangan. Na ce, "Ta farko kake so, ta biyu ke fitowa. Haka ne?"

Ya zuba mini ido. Sai ya buga hannun kujera da ƙarfi ya ce, "Sì! Sì!" Ya juya wajen matarsa yana nuna ni, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya saki.

Makcik ta ce, "Me ya faru? Ni duka ɗaya na ji."

A harshen Malay ba a ninka baƙi, shi ya sa kunnenta bai saba ba. Na faɗa mata a hankali, na sake faɗa, ta girgiza kai. Na kawo mata mana da manna, ta ce su ma ɗaya ne a wajenta. Sai idona ya kai kan Alƙur'aninta da ke kan kanta. Makcik mace ce mai karatu, kullum da safe ina jiyo muryarta ta bango.

Na ce, "Makcik, in kika ga mim da shadda a kanta, ya kike yi?"

Ta ce, "Sai in riƙe ta mana."

Na ce, "To shi ke nan. Pakcik yana sa wa mim shadda a inda babu shadda."

Ta faɗi kalmar da kanta, sau ɗaya ba shadda, sau ɗaya da shadda, tana sauraron bakinta. Da na gaya mata ma'anar kowacce sai ta tashi ta je ta durƙusa gaban kujerarsa, ta kama hannunsa, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da Malay. Ban ji me ta ce ba, na dai shiga kicin na ɗora ruwan shayin da ba wanda ya ce in ɗora.

Gane matsalar bai sa ta tafi ba. Leɓen dama ya yi nauyi, in ya rufe ba ya saurin buɗewa. Da suka koma asibiti Makcik ta yi wa ma'aikaciyar bayani, ita kuma ta ce su riƙa aiki da madubi, ya ga bakinsa da idonsa. Muka jingina ƙaramin madubin kwalliyar Makcik da gwangwanin sukari. Muka bar farkon kalmar, muka kama gaɓa biyun ƙarshe kaɗai. Ina ce masa, "Kada ka rufe baki sai re ta ƙare. Ja ta. Reee. Yanzu taɓa leɓe ka saki, kamar ka taɓa tukunya mai zafi."

Ranar farko da muka yi ta cewa re-mo, re-mo, sai na ga kafaɗunsa na girgiza. Na tsorata, ashe dariya yake yi. Ya kama sandarsa da hannun hagu yana tuƙa iska da ita. Makcik ta duba waya ta ce ai remo ita kaɗai sandar tuƙa kwalekwale ce a Italiyanci. Tun daga ranar in za mu fara sai ya ce a shiga jirgi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi.

Aikin ya rabu uku. Shi ya faɗa, ni in saurara, Makcik ta riƙe madubi. Ba a jima ba ta fara riga ni kamawa. In ya manne sai ta ce, "Shadda lah!" shi kuma ya harare ta ya sake. Wata rana ta fito daidai sau ɗaya a cikin gwaji masu yawa, wata rana ko sau ɗaya. Akwai ranar da re-mo ta zauna daram, muka haɗa ta da tor-ne, sai komai ya rushe, r ta farko ta tafi da numfashinsa duka. Muka koma baya. Na tuna yadda nake sa yara su rera kalma mai wuya kamar waƙa, na gwada masa da wata 'yar murya mai hawa da sauka. Ya ce muryar ba daɗi, da hannu ya faɗa, amma ya bi, kuma ta taimaka.

Ni ma ban fita haka nan ba. Wata matar ɗan Najeriya da ke hawan ƙasa ta ji labarin a wajen Makcik, ta ce ashe malama ce ni, ga 'ya'yanta nan in an yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Ta fara turo mini su ranar Asabar, wasu ma suka biyo baya. Falonmu ya koma aji, har maigidana ya riƙa kwashe littattafansa yana gudu shagon mamak na ƙasan bene, inda ake shan shayi, ya yi karatunsa a can.

Ranar da aka ɗauki saƙon ba shiri aka yi mata ba. Mun gama gwaji, har na miƙe zan tafi, sai Pakcik ya nuna wayar. Makcik ta kalle ni, na kalle ta. Ta danna ta riƙe masa kusa da baki. Ya gyara zama, ya ɗora hannun hagu a tebur, yatsunsa na bugawa a hankali yadda ba za a ji ba.

Ya ce, "Sto meglio." Ya ja numfashi. "Tor-ne-re-mo."

A rarrabe ta fito, kowace gaɓa da ɗan tazara tsakaninta da 'yar'uwarta, r ɗin ma ba ta kaɗu sosai ba. Amma mim ɗaya ce. Ya kalle ni, na ɗaga masa babban yatsa. Ya sa aka sake kunna masa ya ji da kunnensa, sannan ya ce a tura.

Kafin magariba Makcik ta buga mana ƙofa, ta ce mu zo ni da maigidana. Amsa ta zo. Muryar tsohuwa ce mai kauri, tana magana da sauri tana kuka tana dariya, har da abin da ya yi kama da faɗa. Ban tsinci komai ba. Pakcik ya sa aka maimaita ta ya fi a ƙirga. Makcik ta ce abin da ta gane shi ne, wai me ya sa ya bar ta cikin zullumi duk wannan lokaci, kuma ta fara gyara musu ɗaki.

Bayan wannan ya yarda a riƙa kiranta. Ita ke yawancin maganar, shi yana jefa kalma ɗaya-ɗaya, ta jira shi har ya gama. Turancinsa ma ya fara leƙowa, Malay ta biyo baya. Likita bai ba su izinin doguwar tafiya ba sai da shekara ta kusa zagayowa. Maigidana ne ya sauke musu akwatuna ya raka su filin jirgi, ni aka bar mini makulli da tukwanen furannin Makcik in riƙa ba su ruwa.

Da suka kwana biyu a can sai ga kiran bidiyo da la'asar. Suna zaune a wani tsakar gida mai itacen inabi a sama, Makcik ta naɗe cikin rigar sanyi har wuya tana cewa ita wannan ƙasa ta fi ƙarfinta. Yayar ta sa aka matso mata da wayar dab da fuska don ta gan ni. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, hancinsu iri ɗaya da Pakcik. Ta yi mini magana mai tsawo, na yi ta murmushi ina gyaɗa kai.

Pakcik ya ce bari ya fassara. Ya ɗauki lokaci yana haɗa Turancin, ba wanda ya katse shi. Ya ce, "Ta ce ki zo. Ke da mijinki. Za ta dafa muku abinci."

Na ce ya gaya mata na gode, in Allah ya yarda. Ya juya ya gaya mata. Duk tsawon hirar tana riƙe da hannunsa na dama, wanda bai gama warkewa ba, ta ɗora shi a cinyarta tana murza masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.